Ɗakin Da Muka Koyi Abacada



Shawara ta zo gabanmu cewa a rushe tsohuwar elementarenmu a gina ta bulo. Mu da muka zauna cikinta muna ɗalibai, muka dawo muka koyar, muna roƙon a dakata a saurare mu.

Magabatanmu sun gina ta da tubali, suka rufa da azara, suka shafe da makuba, suka fitar da indararo. Ko a tsakiyar bazara yara kan yi karatu cikin sanyi. Da shirin ilmin firamare kyauta ya zo a 1976, ɗalibai suka yi yawa, sai muka fasa bangon tsakiya, muka kwashe rufin ƙasa muka ɗora kwano, muka yaɓe jikinta da siminti. Da hannunmu muka yi, da kyakkyawar niyya, amma mun yi kuskure. Siminti ba ya kama ƙasa. Yakan tsage, ruwa ya shige ta bayansa ya rasa hanyar fita, bango ya riƙa ruɓewa daga ciki. Kwano kuwa ya mai da ajin tanderu.

Mu dubi Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922. Ginin ƙasa ne, amma ya yaye su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello. Makarantar ta koma Kaduna a 1938, daga baya Zariya, ta zama Barewa, duk da haka ba a rushe ginin ba, an mai da shi gidan tarihi.

Abin da muke nema kaɗan ne. A ɓanɓare simintin a hankali, a kira magina na gargajiya tun sauran dattawansu na raye, a canza azarar da gara ta ci, a mayar da bangon tsakiya, a kuma ware kuɗin yaɓe kafin kowace damina. Sababbin azuzuwa a gina su a gefe, fili bai ƙare ba.

Kuɗinku na iya sayen bulo ko yaushe. Bangon nan kuwa, in ya kwanta, ba kasuwar da za a sayo shi. Allah Ya yi mana jagora, amin.