In An Sake Mudu: Lacca Kan Ƙa'idojin Rahoton Kuɗin Kamfanoni



Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a Dawanau ya san magana ba ta ƙarewa a farashi, sai an tambayi mudun da za a auna da shi. Ƙa'idojin rahoton kuɗi su ne mudun kamfanonin da ke kasuwar hannun jari, kuma masu mudun ba sa daɗewa ba su sake shi ba.

Tun daga Janairun 2012 aka wajabta wa waɗannan kamfanoni a Najeriya bin ƙa'idojin IFRS, waɗanda hukumar IASB ta Landan ke fitarwa. Hukumar FRC, da dokar 2011 ta kafa a madadin tsohuwar hukumar NASB, ita ke sa ido. Da yawa daga cikinmu akantoci sun ɗauka da an haye wannan gaɓa shi ke nan, an huta. Ina! Aikin ma sannan ya fara.

Ku dubi IFRS 9, wadda ta fara aiki a 2018. A da, banki ba ya rubuta asara a kan bashi sai ya ga alamar mai bashin ya gaza. Yanzu kuwa, tun ranar da aka miƙa kuɗin ake ƙiyasta abin da ka iya salwanta. A ce ɗan kasuwar Kantin Kwari ya karɓi rance, bai taɓa saɓa ranar biya ba, amma dole bankin ya ware wani abu daga ribarsa saboda shi, yana la'akari da hauhawar farashi da halin da Naira za ta iya shiga. Wannan hasashe ne. Akantoci biyu masu gaskiya na iya zama da takardu iri ɗaya su tashi da alƙaluma daban, shi ya sa nake cewa wanda ya karanta adadin ribar banki bai karanta bayanan da ke bayan rahoton ba, bai san komai a kan bankin ba tukuna.

A 2019 sai IFRS 16 ta ce yawancin hayar dogon zango bashi ce, a rubuta ta cikin abin da ake bin kamfani. Mutane ba su damu ba sai a Yunin 2023, da Babban Banki ya saki Naira. Dalar da take kusan Naira 460 a hukumance ta kai wajen 900 a ƙarshen shekarar. Ƙa'idar IAS 21 kuma ta ce duk bashin da ke cikin kuɗin waje a sake lissafa shi da canjin ranar rufe littafi. MTN Najeriya, wanda wani ɓangare na hayar turakun sadarwarsa ke ɗaure da dala, kuɗin shigarsa ya ƙaru a 2023, amma ya rufe shekarar da asarar Naira biliyan 137. Masu waya ba su daina sayen kati ba. Dattijon da ya sa kuɗin fanshonsa a hannun jarin, ya kamata a ce akwai akantan da ya ja kunnensa tun da wuri, domin bayanin hayar yana cikin rahoto.

A nan nake da ƙorafi a kanmu. Horon da ƙungiyoyin akantoci ICAN da ANAN ke wajabta wa mambobinsu ya zama wa wasu zuwa sa hannu da karɓar takardar shaida. A wasu ajujuwanmu ma har yau da tsofaffin takardu ake koyar da lissafin haya.

Ga kuma IFRS 18 nan tafe. An fitar da ita a Afrilun 2024, za ta maye gurbin ƙa'idar IAS 1 daga Janairun 2027. Za ta sake fasalin bayanin riba da asara, ta wajabta nuna ribar ainihin sana'ar kamfani a layinta, kuma ma'aunan ribar da shugabannin kamfani ke ƙirƙira don jawabinsu ga masu zuba jari sai an bayyana yadda aka lissafa su a cikin rahoton da odita zai bincika. Tunda kowane rahoto yana ɗauke da alƙaluman bara don kwatanci, na 2026 ma sai an sake jera su a sabon fasalin. Ina roƙon 'yan kwamitin binciken kuɗi da ke wannan zaure, a zamanku na gaba ku tambayi daraktan kuɗi wa aka ɗora wa wannan aiki, da inda ya kai.