JAWABIN DA AKA YI A TARON ƘUNGIYA A KAN KUƊIN KES DA FANSHO

Iyayenmu dattawa, da ƴan uwa da suka zo daga Arlit, Damagaram da Kano, muna yi muku barka da zuwa.

Mu mutanen Damargu mun saba da rumbu. Shekarar da gero ya yi albarka mukan ajiye don wadda ba ta yi ba. Amma ɗan da ya bar Tanut ko Balbeji ya kama aikin albashi, rumbunsa yana cikin takarda, kuma da yawanmu ba mu san sunayen abin da ke ciki ba. Mun ga haka da idonmu lokacin da aka rufe Cominak a 2021, wasu suka dawo gida suna tambayar abin da ya kamata su tambaya tun ranar da aka ɗauke su.

Kalmar farko ita ce Kes, wato CNSS, wadda aka kafa a 1965. Ita ce ta masu aikin kamfani, kamar ƴaƴanmu na matatar Soraz a Bakin Birji. Ma'aikatan gwamnati nasu asusun dabam ne, kada a haɗa. Kes tana ba kowane ma'aikaci lamba, matirkil. Lambar nan taka ce, ko ka canza uban gida sau biyar tana nan. Wanda ba shi da ita, a wurin Kes bai taɓa aiki ba, ko da ya tsufa a bakin inji.

Sai kotizasiyo, zubin wata-wata. Hannu biyu ne ke zuba shi. A albashin jika 100, ana cire wa ma'aikaci jika 5 da dala 50, uban gida kuma ya ƙara jika 6 da dala 50 daga aljihunsa. A nan ne muke so a buɗe kunne. Cirewa dabam, kaiwa dabam. Akwai ɗan uwanmu da aka yi ta cire masa shekara da shekaru, takardar albashi ta nuna, ranar da ya je neman haƙƙinsa aka buɗe littafi ba a ga sunansa ba. Don haka kada a jira furfura. Ka je ofishin Kes a Damagaram ka ce a nuna maka watannin da aka zuba, kuma takardun albashi a adana su kamar takardar gona.

Watannin ne ake ƙirgawa. Mai shekara 60 da ya cika wata 180, wato shekara 15, shi ne ke da fansho har ƙarshen ransa. Wanda bai cika ba, dunƙule ake ba shi sau ɗaya, shi ke nan. Shekarun kuwa da takardar haihuwa ake auna su, ba da shaidar tsofaffin gari ba. Wanda ya rage shekarunsa don ya sami aiki, sai ya jira su.

Ƴan Kano naku tsarin ya sha bamban. Tun dokar 2014, ma'aikaci na zuba kashi 8 cikin ɗari, uban gida kashi 10, cikin asusu mai sunanka kai kaɗai. Namu na Nijar tukunya ɗaya ce, masu aiki yau su ke ciyar da tsofaffin yau. Kada wani ya je Kes ya ce a ba shi kuɗinsa zai sayi raƙumi.

Saura maganar iyali, kuma iyayenmu muna roƙon ku taya mu. Idan mai fansho ya rasu, matarsa da marayunsa suna da rabo. Amma Kes ba ta halarci ɗaurin aure ba, ba ta ci goro ba. Takardar aure take nema, da ta haihuwar kowane yaro. Mun ga gwauruwa ta yi ta zirga-zirga tsakanin ƙauye da Damagaram har kuɗin mota ya ƙare.

Taro mai zuwa kowa ya zo da lambarsa da takardun iyalinsa. Sakatare zai zauna da malamai biyu a duba na kowa, a fara da waɗanda suka haura shekara 50.