Ja da Saki: Riƙon Tef a Gaban Kyamarar Bincike



Ƙananan kayan lantarki da ke cikin rediyo da wayar hannu, masana'antu kan jera su ne cikin ramukan wani siririn tef na roba ko na takarda. Galibi faɗinsa milimita 8 ne. Tef ɗin yakan warware daga faifai guda, ya ratsa ƙarƙashin kyamara, sa'an nan ya naɗe a wani faifan. Kyamara ke duba kowane rami, ko abin yana ciki, ko ya kife, ko ya tsage.

Kyamara kuwa, komai tsadarta, ganinta ba ya wuce kyan riƙon da aka yi wa tef. In ya yi sako-sako sai ya dinga rawa, hoto ya dushe. In an ɗame shi ainun sai ramukan su miƙe, ko ya tsinke. Sakamako, a zubar da mai kyau, ko mai aibi ya kuɓuce ya shiga na'urar asibiti.

Wahalar tana ga faifan da ke warwarewa. Ƙarfin ja shi ne ƙarfin birki a raba shi da kaurin naɗi, watau daga tsakiyar faifai zuwa bakin tef. Idan birki bai sauya ba, kauri kuwa ya ragu da rabi, lalle ja ya ninka biyu.

Magani uku ne. Na fari, a raba aiki: gare biyu su matse tef su tsai da gudunsa, birkin faifai ya kula da ja kaɗai. Na biyu, tef ya bi ta kan wani hannu mai lilo. In ja ya ƙaru hannun ya ɗaga, birki ya sassauta. In ya ragu hannun ya sauka, birki ya kama. Na uku, na'urar ƙirga juyin gare ita za ta umurci kyamara ta ɗauki hoto, bisa nisan da tef ya yi, ba bisa agogo ba. Har wa yau a gajarta walƙiyar fitila. Gama tef mai gudun milimita 500 a daƙiƙa yakan gusa rabin milimita cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, alhali wasu kayan tsawonsu milimita 1 ne kacal.

Saboda haka, ɗalibi mai ƙera irin wannan inji ya fara daidaita ja kafin ya zaɓi kyamara. Ma'aikacin da za ya sayo wa hukuma kuma ya nemi a gwada masa da faifai cike, da kuma sa'ad da ya kusa ƙarewa.