Wa ke ganin takardunku a ofishin akanta?

Jawabin da wani akanta, ɗan ƙungiya, ya gabatar a taron cikar shekara



An ce in yi magana kan haraji, amma na san an gaji da jin wannan kalma. Zan tsaya kan abu ɗaya da ba a cika tambayata ba: idan ka miƙa wa akanta takardunka, idanu nawa ne ke ganin su?

Kai dai ni ka sani, ni ka ba amana. Amma akwai yaron da ke shigar da lissafi a kwamfuta, da mai gyaran kwamfutar, da ɗan aiken da ke kai takardu. Ga watan Yuni kuma, lokacin da kamfanonin Najeriya da suka rufe lissafi a Disamba ke rige-rigen miƙa bayanan harajinsu. A lokacin muna ɗaukar 'yan kwantiragi na makonni kaɗan. Duk waɗannan suna iya ganin wajen wa kake sayen wake a Maraɗi, nawa ka saya, nawa ka sayar a Dawanau, da wanda kake bi bashi.

Abin ya taɓa faruwa a ofishina, ba zan ɓoye muku ba. Wani da na ɗauka aikin wucin gadi ya ɗauki hoton rasiɗan wani ɗan kasuwa da wayarsa, ya tura wa ɗan'uwansa mai irin wannan sana'a. Kafin wata biyu an riga mutumin nan zuwa wajen dillalinsa, an ƙara kuɗi kaɗan an kwashe kayan. Da na nemi yaron, babu takarda ko ɗaya da ya sa wa hannu. Haƙuri kawai na iya bayarwa, kuma haƙurin bai mayar da cinikin ba.

Tun daga nan ba mai taɓa fayil a wajena sai ya sa hannu kan yarjejeniyar riƙe sirri. Ku ma ku nemi akantanku ya nuna muku tasa. Ku duba ta ambaci abin da ake kira sirri ɗaya bayan ɗaya: sunayen masu kawo kaya, farashi, bayanan banki, lambar haraji, wato TIN a Najeriya ko NIF a Nijar. Ku duba ta haɗa da 'yan kwantiragi, domin nan ne aka fi yin sakaci. Kuma wajibin ya ci gaba bayan mutum ya bar aiki, tare da sharaɗin mayar da takardu da goge abin da ke cikin waya. Najeriya na da dokar kare bayanan mutane tun 2023, Nijar ma na da tata da hukumar da ke kula da ita, sai dai waɗannan bayanan mutum suke karewa. Farashinka da sunan kamfanin da ke ba ka kaya, yarjejeniya ce za ta fi tsare maka su.

Mu da ke ƙetare Jibiya ko Illela, akwai ƙari. Idan akantanka na Kano ne, mai fitar maka da kaya a kwastan kuma yana Ƙonni, kowanne ya sa hannu kan tasa, da harshen da yake karantawa, a kuma rubuta kotun wace ƙasa za a je in an samu saɓani.

Abu ɗaya kada wani ya ruɗe ku da shi. Wannan takarda ba ta ɓoye kowa daga hukuma. Idan kotu ko hukumar haraji ta nemi bayani bisa doka, dole mu bayar, kuma dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 a Najeriya ta wajabta wa akantoci kai rahoton hada-hadar da ke da alamar tambaya. Akantan da ya yi maka alkawarin rufa asiri ko a gaban alƙali, ka karɓi fayil ɗinka tun da wuri.

Na bar samfurin yarjejeniyar, da Hausa da Turanci da Faransanci, a wajen sakatare.