Na'ura ta ƙirga, saura a yi aiki da ƙidayar

A ƙarshen 2024 gwamnatin Jigawa ta ce tantance ma'aikata ta bankaɗo na bogi sama da 6,000. Madalla. Amma jami'an kula da ma'aikata kada su tsaya ga kama ɓarayin albashi kawai.

Bayanan da ke cikin kwamfutocinsu za su iya nuna malamai nawa suka cunkushe a makarantun cikin garin Hadejia, alhali ƙauyukan Guri da Kirikasamma na fama da ƙarancin malamai. Kuma idan kogi ya cika a watan Satumba, malamin da ke jiran kwalekwale kada na'urar ɗaukar hoton yatsa ta rubuta shi cikin masu fashin aiki.