Jawabi Kan Asalin Lafiya Da Yawan Jama'arta

Jama'a, duk wanda ya ga cunkoson Lafiya a yau, da wuya ya yarda cewa ɗan ƙauye ne mafarinta. Anane sunan wurin, mazaunin Alago. Wajen ƙarshen ƙarni na 18 ne Muhammadu Dunama ya iso da jama'arsa, Barebari 'yan asalin Barno, suka sauka kudu da Shabu, ƙauyen Migili. Dalili ke nan da ake ce wa garin Lafiyan Barebari. Daga bisani sarautar ta bi Bauchi.

Amma fa kasuwa ta fi takobi tara wa garin mutane. A zamanin Sarki Muhammadu Agwai, watau daga 1881 zuwa 1903, aka buɗe hanyar fatake zuwa Loko, matsayar jiragen ruwa a bakin kogin Binuwai, har kasuwar Lafiya ta zama ɗaya daga cikin manya a wannan yanki. Fatake Hausawa suka riƙa sauka, waɗansu suka yi aure, suka kafa gida, ba su koma ba. Da Turawa suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal ta Makurɗi zuwa Kafanchan, ta ratsa garin, sai doya da riɗi suka sami masaya daga nesa. Eggon suka gangaro daga duwatsu, Tibi suka hauro daga kudu, kowa na neman ƙasar noma.

Ta fuskar mulki kuwa, Lafiya ta daɗe tana bin wani gari. Tana Lardin Binuwai, ta shiga Jihar Binuwai-Filato cikin 1967, sa'an nan Jihar Filato cikin 1976. Ran 1 ga Oktoba, 1996, gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Jihar Nasarawa, Lafiya ta zama hedkwata, ma'aikata suka kwaso iyalinsu daga Jos. Jami'ar Tarayya ta biyo baya cikin 2011.

To, mutum nawa ne? Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Lafiya mutum wajen 330,000, kuma tun daga nan ba a sake ƙirga kowa ba. Yaron da aka haifa a shekarar ya isa jefa ƙuri'a, amma ba ya cikin lissafi. Duk mai shirin famfo, ko aji, ko gadon asibiti domin sababbin unguwannin da suka cinye gonaki a hanyar Doma da ta Akwanga, da kirdado yake aiki.