Kyau Ma Kaya Ne, Mai Shi Ya San Nauyinsa

Mai karatu, ko kana nan Bangi, ko Zongo a tsallaken kogin Ubangi, ko can Garwa-Bulai a bakin iyakar Kamaru. Ga abin da muka tattauna a shirinmu na wannan mako, ga wanda bai samu damar saurare ba.

Ka ɗauko kowane littafin soyayya na Kano, cikin waɗanda 'yan kasuwa ke shigo mana da su. Kafin ka wuce shafi na uku ka haɗu da ita: fara, doguwa, mai dogon hanci, gashi har gadon baya. To amma ka lura da abin da ke biyo baya? Ita ce ake wa auren dole da alhajin da ya haifi ubanta. Ita kishiya ke kai wa boka. Ita ƙawaye ke ƙulla wa sharri. Marubutan nan ba daga sama suka ɗauko ba, a cikin gidajenmu suka gani.

Tun kafin littattafan, malamanmu sun karantar da mu ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, a sura ta 12. Matan gari sun yanke hannuwansu don ganinsa, amma wa aka kai kurkuku? Shi. Bai nemi kowa ba, kyansa ne ya jawo masa idon mutane, shi kuma ya biya da shekarun rayuwarsa.

Mu a Kilomita Biyar mun ga namu. A 2014, lokacin da fita daga unguwa ke iya zama ajalin mutum, ina yarinya, akwai wata maƙwabciyarmu mai 'ya budurwa da duk layinmu ke magana a kanta. Wallahi da idona na ga uwar tana shafa mata toka a fuska, ta ɗaura mata tsohon zani, don kada masu bindiga su ƙyalla ido a kanta. Ko da abubuwa suka ɗan lafa, har Paparoma Faransis ya zo babban masallacinmu ranar 30 ga Nuwamba 2015, yarinyar ba ta koma makaranta ba. An aurar da ita da gaggawa, wai gara a rabu da ita lafiya. Ita ce ta fi mu ƙoƙari a aji.

Ga kuma ɗaya ɓangaren. Wadda Allah bai yi ta fara ba, mun sa ta ɗaukar wani kayan. Shiga kasuwar PK5 ka ga kwalaben man bilicin jere. Da yawansu na ɗauke da sinadarin haidurokinon ko zaiba, masu illa ga fata, zaiba kuwa har ƙoda take taɓawa. Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, hukumar NAFDAC ta Najeriya kuma ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Kyan ɗan maciji ke nan: a ido gwanin sha'awa, a jiki dafi. Amma kafin mu zagi yarinyar da ke shafawa, mu tambayi kanmu: wa ya ce mata baƙa ba ta auruwa? Ba mu ba ne?

Saboda haka ina roƙo. Baba, idan Allah ya ba ka 'ya mai kyau, ba haja ya ba ka ba, amana ce. Ka bar ta ta gama karatu. Inna, ki daina ce wa ɗaya "farar gida" a gaban 'yar'uwarta, yara ba sa mantuwa. Samari, yarinya ta wuce ku a bakin titi, ku bar ta ta wuce. Marubuta kuma, ku ba mu jaruma baƙa, gajera, wadda hankalinta ne ke tafiyar da labarin.

Boganda ya bar mana kalma a Sango: zo kwe zo, kowane mutum mutum ne. Mai kyau ma mutum ce, ba abin kallo ba.

Mako mai zuwa za mu karanto saƙonninku a kan wannan batu. Kafin nan, Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Na bar ku lafiya.